Wata shida ina koyon yin shiru

Buhu 600 na masara ne suka kai ni gaban koci. Ba don su ba, da har yau ina nan ina ganin duk unguwarmu ta Aboabo babu maigidan da ya kai ni iya riƙon ma'aikata.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da goro ya fara, yana ɗauka daga nan Kumasi yana kaiwa arewa. Daga baya ya koma hatsi. Da ya rasu sai ragamar ta faɗo hannuna, ni ne babban ɗa. Muna sayen masara a Ejura da Techiman, mu jibge a sito, mu sayar wa masu gidajen kaji na nan gari da na Dormaa. Muna da ma'aikata 34 da manyan motoci uku.

Duk wanda ya yi kasuwanci a Gana a 2022 ya san abin da idonsa ya gani. Dala ta fara shekara a wajen sidi 6, kafin ƙarshenta ta haura 13, a watan Disamba kuma hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari. Kuɗi na narkewa a hannu kamar man kaɗanya a rana, don haka kowa neman kayan da zai juye su yake yi. A watan Satumba na sa aka kwaso mini masarar babbar damina daga Ejura, wadda ake girbe ta ruwa bai ɗauke ba, shi ya sa bushewarta ke da wuya. Masarar da za a ajiye, laimarta bai kamata ta wuce kashi 13 cikin ɗari ba. Wadda aka sauke mana ta wuce. Mako shida bayan nan, in ka cusa hannu tsakanin buhunan ƙasa sai ka ji ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Da muka farke ɗaya, ƙwayar ta dunƙule, fumfuna ta rufe ta kore shar. Masu kaji ba sa wasa da wannan, saboda gubar da fumfunar ke bari a cikin hatsi tana rage ƙwai, tana kashe 'yan tsaki. Babu wanda ya taya.

Na kira Baba mai sito. Shi ne ya yi wa mahaifinmu aiki tun ban san kaina ba, kuma ba ya bukatar na'ura: ƙwaya ɗaya yake jefawa a baki, in ta ce ƙaras ta bushe, in haƙori ya nutse sai ya girgiza kai. Na ce, "Baba, kana tsaye aka sauke kayan nan, ba ka gani ba?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na fara faɗa maka, Alhaji. Ka ce ka gane."

Na tuna ranar. Waya na kunnena, ya matso ya ce, "Alhaji, masarar nan..." na ɗaga masa hannu na ce na gane, a sauke, motar za ta koma. Amma a lokacin da yake tuna mini, ban ɗora wa kaina laifin ba. Na ce ai da ya nace.

A wannan tsakanin muna magana da wani kamfani mai zuba jari a harkar noma, muna son su sa hannu mu sayi injin busar da hatsi. Suka turo mutum biyu suka yi kwana uku suna duba mu. Abin da suka rubuta gajere ne: littattafan kuɗi tsaf suke, amma kowace shawara sai ta bi ta bakin mutum ɗaya, kuma babu mai iya ce masa a'a. Sharaɗinsu shi ne in ɗauki kocin shugabanci, wato mai horar da shugaba kan yadda zai tafiyar da mutanensa, na wata shida, su biya rabi in biya rabi. Ni koci a filin wasa na Baba Yara na san shi, yana bakin layi yana yi wa 'yan ƙwallon Kotoko ihu. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina da shekara 46, a kawo mini wanda bai taɓa ɗaga buhu ba ya koya mini zama da mutanen da na tashi a cikinsu? Amma ina son injin, sai na haɗiye.

Ƙanwar matata da ke aikin banki a Adum ta gargaɗe ni in nemi takardar shaida, don yanzu kowa yana iya buga kati ya rubuta koci a kai. Ita ta faɗa mini akwai ƙungiyar kociyoyi ta duniya, ICF, da aka kafa a Amurka a 1995, mai matakai uku: na farko sai mutum ya yi sa'a 100 yana aikin, na biyu sa'a 500, na ƙoli sa'a 2,500. Cikin mutum uku da aka ba ni in zaɓa, na ɗauki mai mataki na biyu, wata dattijuwa 'yar Tonawa, wato Ashanti, da ta daɗe tana kula da ma'aikata a manyan kamfanonin Akra kafin ta dawo gida. Madam muke ce mata. Na zaɓe ta ne don ita kaɗai ce ba ta yi ƙoƙarin burge ni ba. Rabon da na biya ya kai kuɗin sabbin tayoyin mota guda, kuma sai da na ji shi a jikina.

A watan Fabrairun 2023 muka fara, zaman awa ɗaya da rabi duk bayan mako biyu. Tun ranar farko ta shimfiɗa mini ƙa'ida. Ba za ta ba ni shawara kan masara ba, na fi ta sani. Abin da muka faɗa a ɗaki a ɗaki zai tsaya, masu jari ba za su ji komai ba sai cewa ina zuwa da kuma halin da na zaɓa in gyara. Sannan za ta zauna da mutanena ɗaya bayan ɗaya, na sama da na ƙasa da na gefe, ta tambaye su yadda aiki da ni yake, ta kawo mini ba tare da suna ba. Muka jera mutum goma sha biyu: ƙanena da ke kula da motoci, akanta, Baba, direbobi biyu, akawun ma'auni, shugaban 'yan dako, wakilinmu na Ejura, masu sayen kayanmu biyu, da sauransu. Ta tambaya ko za ta iya ganin matata. Na ce a'a, gida daban aiki daban. Ba ta ja ba.

Mako uku bayan nan ta miƙo mini shafi huɗu. Shafin farko ya sanyaya mini rai. Albashi ba ya makara. Ina biyan kuɗin fanshon kowa na SSNIT, kashi 13 na kamfani da kashi 5.5 na ma'aikaci, ba kamar wasu ba. Ba na rasa suna ko biki ko jana'iza. Da matar wani ɗan dako ta kwanta asibiti ni na biya. Na ɗago na dube ta, ta ce in ci gaba. Ga abin da na tarar a sauran shafukan:

"In ya shigo sito kowa sai ya nemi abin yi da hannunsa." "Ba ya barin ka kai ƙarshen magana." "Gara in yi asara in yi shiru da a kira ni sakarai gaban yaran da nake ba umarni." "Yana da kirki, amma kirkinsa bashi ne, kana ɗauke da shi ba ka isa ka ce uffan ba."

A nan ne tsarin Turawan ya yi karo da zaman Zango, unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a nan Gana. Su a ganinsu in an cire suna an ɓoye mutum. Mu kuwa masallaci ɗaya muke sallah, na san yadda kowa ke lanƙwasa harshe. Ko da yake da Tonanci da Turanci aka yi hirar, kowane layi da na karanta sai na ji muryar mai shi. Na gara in yi asara, akanta ne. Na bashi kuwa, ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda na biya wa makaranta, na yi masa aure. Wannan ya fi komai ƙona ni. Na faɗa mata na san kowa. Ta ajiye bironta ta ce to amanar ta zama biyu ke nan, ta sa na yi alkawarin kwana bakwai ba zan tayar wa kowa da zancen ba, ko da ido. Na fito na zauna cikin mota ban kunna ba, har aka kira la'asar. Sau uku na lalubo lambar ƙanena a waya ina mayarwa.

Da dare na karanta wa matata layin ba ya barin ka kai ƙarshen magana, ina jiran ta ce ƙarya ne. Tana ninke kayan yara, ba ta ɗago ba ta ce, "Alhaji, ai ni tuni na koyi faɗa maka ƙarshen magana da farko."

Ranar Litinin Madam ta zo taronmu na safe, ta zauna a lungu kan buhun waken soya da ɗan littafi. Na yi iya ƙoƙarina, don na san ana kallona. Da aka watse ta nuna mini zane-zanen da ta yi, sanda-sanda kamar lissafin mai koko. Minti 50 muka yi, ni na cinye 41. Na katse mutane sau 17. Ta ce akwai wata kalma da nake faɗa kafin kowace katsewa, ba ta jin Hausa amma ta rubuta ta yadda ta ji. Na duba, ta rubuta: na gane.

Yadda take aiki ya ba ni haushi da farko, domin tambaya ce kawai. Me kake so ya canza? Me ke faruwa yanzu a zahiri? Waɗanne hanyoyi kake da su? Wanne za ka yi, kuma yaushe? Ta ce wannan jerin tambayoyi huɗu wani Baturen Ingila, John Whitmore, tsohon ɗan tseren mota, shi ya yaɗa shi tun 1992. In na ce mutanena ba su da himma, sai ta ce wane ne, wace rana, me ya yi, ni kuma me na yi kafin nan. In na yi shiru ba ta cike gurbin. Akwai ranar da muka yi kusan minti biyu ba wanda ya ce komai, ina jin ƙarar fanka, har na ji bakina ya ce, "Tsoro nake ji kada dukiyar mahaifinmu ta lalace a hannuna a ce ɗansa ne ya kashe ta." Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, ko kaina.

Na so in gyara abu goma, ta ce biyu. Na zaɓi barin mai magana ya gama, da daina faɗa gaban jama'a. Sai ta kawo abin da muka fi jayayya a kansa: in tara ma'aikata in faɗa musu da bakina cewa ga halina, ga abin da nake son gyarawa, su taimake ni. Na ce Madam, wannan a Akra ake yinsa. A wajenmu maigida ba ya tsayawa gaban yaransa yana lissafa aibinsa, gobe ba mai jin maganarsa. Ta ce in tafi in yi tunani, ko akwai wani a al'adata da ya taɓa yin haka bai rasa girmansa ba.

Na kai maganar wajen malamina bayan sallar asuba. Ya saurare ni, sannan ya karanto mini aya ta 159 ta Suratu Ali Imrana, inda Allah yake ce wa Manzonsa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da ya kasance mai kaushin hali mai busasshiyar zuciya da sun watse daga gare shi, sannan ya umarce shi ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya shawarce su cikin al'amari. Ya ƙara da abin da ake ruwaitowa daga Sayyidina Umar, cewa Allah ya yi rahama ga wanda ya kawo masa aibobinsa a matsayin kyauta. Ya ce, "Alhaji, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da kake son ɓoyewa, su sun daɗe da saninsa. Kai kaɗai ne ka makara."

Na tara su ranar Litinin. Maganar da na shirya ta minti biyar, a minti ɗaya ta ƙare, muryata na rawa. Ba wanda ya dube ni. Shugaban 'yan dako ya ce Allah ya ba da iko, aka amsa da amin, aka watse. Na ga a fuskokinsu suna jira ne su ga kwana nawa abin zai yi.

Abu ɗaya na yi wanda ba ya cikin tsarin Madam. Bayan isha'i na tafi gidan Baba a Sawaba. Ya fito da fitilar waya, ya rikice, yana neman kujerar da zai ba ni. Na zauna a tabarmarsa na ce, "Baba, na zo neman gafara ne. Masarar nan laifina ne, kuma na ɗaga maka murya gaban jikokinka." Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. Sannan ya ce, "Ni na ɗora ka a wuya na kai ka idi kana ɗan shekara huɗu. Mahaifinka ma yana da zafi, ya fi ka. Amma in zai yi maka faɗa sai ya ja ka bayan mota, inda ba mai ji. In kun fito sai ya dafa kafaɗarka, kowa ya zaci sirri kuka yi." Shekara ashirin ina cewa halin mahaifina na gada, ashe zafin na ɗauka na bar bayan motar.

Sauran aikin ƙanana ne, masu gajiyarwa. Na riƙa sa carbi a aljihu, in wani ya gama magana sai na ja ƙwaya uku kafin in buɗe baki. A taro na koma mai magana na ƙarshe. In zan yi gyara sai in kira mutum ofis, in faɗi wurin, in faɗi abin da ya yi, in faɗi abin da hakan ya jawo, ba tare da na taɓa asalinsa ko hankalinsa ba. Kowane wata kuma in zagaya mutum tara in tambaye su abu ɗaya da zan gyara a wata mai zuwa, amsata kuma ba ta wuce na gode.

Watan farko duk taran suka ce ba komai Maigida, komai lafiya lau. Madam ta ce in ci gaba da tambaya. Ni na san ba za ta ɓulle ba, domin yaron kirki a wajenmu ba ya duban idon babba ya gyara masa zama, kuma ba na son in kashe musu wannan kunyar, tarbiyya ce. Sai na juya tambayar: "In wani abokinka yana aiki da maigida mai irin halina, me zai so a faɗa masa?" Nan da nan baki ya buɗe. Na kuma ce wanda ba zai iya ba ya bi ta wajen Baba. Madam ba ta so wannan ba, tana ganin ɗan aike yana rage gaskiya. A nan har yau ina ganin ni ke da gaskiya, kuma daga baya ta amince. Ta wajen Baba na ji cewa wani direbanmu shekara huɗu bai ɗauki hutu ba, alhali Dokar Ƙwadago ta 2003 ta ba kowane ma'aikaci aƙalla kwana 15 na aiki a shekara da albashinsa. Ban taɓa hana shi ba. Ya taɓa zuwa tambaya ne ya tarar ina yi wa wani tsawa, ya juya, bai sake ba.

Azumi ya kama a ƙarshen Maris, a nan na faɗi. Wata rana bayan la'asar aka bugo cewa motarmu ta lalace a Offinso cike da kaya, kuma an san da matsalar tun mako guda. Ina tsakiyar sito na juya kan ƙanena. Abin da na faɗa masa gaban 'yan dako ba zan maimaita ba, amma har kuɗin makarantarsa na ambata. Bai ce komai ba. Ya ciro makullan motoci ya ajiye a kan ma'auni ya fita. Carbin yana aljihuna, ko taɓa shi ban yi ba.

Na je zama na gaba na ce mata a bar abin nan, ɓata kuɗi ne, hali zanen dutse. Ba ta lallashe ni ba, ba ta kuma yi mini faɗa ba. Ta ce ƙarfe nawa ne, ina tsaye ko zaune, wa ke wurin, ta yaya labarin ya zo. Muka koma baya muka jera duk ranakun da na fashe tun Fabrairu. Kusan dukansu da yamma ne, ta waya, ina tsaye cikin mutane. Muka sa doka: mugun labari a ofis zan karɓe shi, a zaune, ƙofa a rufe, kuma ba zan kira mai laifi ba sai bayan minti goma. Dokar ta riƙe ni fiye da duk wani alkawarin zama mutumin kirki da na sha yi wa kaina.

Ƙanena ya dawo aiki bayan ƙaramar sallah, da sa bakin mahaifiyarmu. Na ba shi haƙuri a ɗakinta. Ya ce, "Ba komai, Yaya." Na san da komai.

A watan Yuli Madam ta raba wa mutum taran 'yar takarda, su auna ko na canza a halayen nan biyu, daga uku ƙasa da sifili zuwa uku sama da shi. Biyar suka ba ni biyu, uku suka ba ni ɗaya, mutum ɗaya ya ba ni sifili. Ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba. Masu jari suka karɓi rahoton shafi ɗaya, aka sa hannu kan maganar inji. A zamanmu na ƙarshe ta ce in ci gaba da zagayen wata-wata ko ba ta nan, domin halin ba ya mutuwa, barci yake yi.

Satumba ta zagayo inji bai iso ba. Ina Adum wajen banki direban wata motar haya ya bugo mini yana kumfar baki, wai tsohon nan na sito ya hana a sauke masa kaya tun safe, shi kuma yana da wani lodin. Na ji kalmar ta taso mini har maƙogwaro. Na nemi benci na zauna, na ce ya ba Baba wayar. Baba ya yi bayani a hankali yadda ya saba, tun daga buhun da ya fara farkewa har zuwa na bakwai, da yadda haƙori ya nutse a biyar daga ciki. Na bar shi ya kai ƙarshe. Na ce me yake ganin za a yi. Ya ce a shimfiɗa tampol a fili a baza ta kwana uku in rana ta yarda, a biya direban kuɗin jira. Na ce a yi haka.

A ƙarshen shekarar ƙanena ya nemi rabonsa ya buɗe nasa sito a Techiman. Na ba shi mota ɗaya cikin ukun. Duk Juma'a nakan kira shi bayan an sauko daga masallaci, mu gaisa, in tambayi iyali da farashin buhu a can. Wani lokaci hirar takan kai minti biyar.